Kada Tulu Ya Fashe: Darasin Zariya a Kan Zuba Jari a Lafiyar Mata Masu Juna Biyu

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan lafiyar uwa da jariri, Tudun Wada, Zariya

Tsakure

Wannan maƙala ta ɗauki garin Zariya, musamman tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada, a matsayin madubin duba matsalar mutuwar mata a wajen haihuwa a ƙasashe masu tasowa. Ta bi sawun bincike-binciken da aka gudanar a wannan gari tun daga shekarun 1970, ta gwada su da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da na gwamnatin Najeriya, sannan ta waiwayi ƙasashen da suka fita daga wannan hali. Abin da ta tarar shi ne an daɗe da sanin abubuwan da ke kashe mata a kan gwiwa, an san maganinsu, kuma yawancin maganin ba mai tsada ba ne. Giɓin da ya rage na kuɗi ne, musamman kuɗin gudanarwa na yau da kullum: albashin ungozomar da za ta kwana a asibiti, jini, magani, wuta da mota. Maƙalar ta ba da shawarar a ƙara kuɗin, a sake shi a kan kari, a kuma karkatar da shi daga gine-gine zuwa waɗannan buƙatu.

1.0 Gabatarwa



Idan mace ta haihu ɗan bai zo da rai ba, matan da ke zuwa jaje sukan rarrashe ta da cewa in ruwa ya zube ya bar tulu, an yi arziki. Tulun ita ce uwa. Muddin tana nan, za a koma rafi. Wannan karin magana kaɗai ya isa shaida cewa Bahaushe bai taɓa raina ran uwa ba. To amma idan tulun ne ya fashe fa? A nan sai harshe ya canza: kwana ya ƙare, ta yi shahada, Allah ya raya abin da ta bari. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai ja da ƙaddara. Sai dai ba mu cika tambayar awa nawa ta yi tana zubar da jini ba, ko nawa aka nema a bakin ɗakin tiyata, ko wa ke bakin aiki a daren.

Waɗannan tambayoyi ne ginshiƙin maƙalar. Na zaɓi in kafa ta a Zariya saboda dalili na tarihi. Daga 1967, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da likitoci, har zuwa 2005 da asibitin koyarwa ya koma mazauninsa na Shika, asibitin Tudun Wada ne matattarar masu doguwar naƙuda daga birni da ƙauyukan ƙasar Zazzau. A ɗakunan haihuwarsa aka tattara wasu daga cikin muhimman hujjojin da duniya ta dogara da su a wannan fanni. Hanyar da na bi ita ce nazarin ayyukan da aka riga aka wallafa da rahotannin hukumomi, ba tare da sabon binciken fili ba.

2.0 Girman Matsalar a Alƙaluma

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2025 ya nuna cewa mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya a shekarar 2023 sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a Afirka kudu da Sahara suke. Najeriya ita kaɗai ta ɗauki kimanin 75,000, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na jimillar duniya. In aka raba wannan adadi da kwanakin shekara, mata fiye da 200 ke nan kowace rana, mace ɗaya cikin kowane minti bakwai. Kafin in kammala wannan jawabi, uku ko huɗu sun tafi.

Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne yawan uwayen da suka rasu cikin kowace haihuwa 100,000. Ƙiyasin hukumar ya ba Najeriya 1,047 a 2020, da 993 a 2023. Binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2018 ya ba da 512. Bambancin ya taso ne daga hanyoyin ƙidaya, kuma shi kansa alama ce ta wata cuta: ba mu rubuta mutuwar matanmu, sai dai a yi ta hasashe. Ko wanne aka ɗauka, tazarar da ke tsakaninmu da burin Majalisar Ɗinkin Duniya na sauka ƙasa da 70 kafin 2030 tana da nisa ƙwarai.

Binciken na 2018 ya kuma nuna cewa kashi 39 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, kuma a Arewa maso Yamma adadin bai kai kashi 20 ba, alhali a nan ne mace kan haihu sau shida ko bakwai. Kowane ciki sabon haɗari ne, shi ya sa nauyin ya fi danne wannan shiyya.

Abubuwan da ke kashe su ba baƙi ba ne: zubar jini, hawan jini mai kai wa ga jijjiga, doguwar naƙuda, shigar ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, da ɓarin da ba a kula da shi ba. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro su ne ke share musu hanya.

3.0 Abin da Zariya Ta Koya wa Duniya

3.1 Haihuwa 22,774

Tsakanin 1976 da 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanin kowace haihuwa da aka yi a asibitocin jami'a a Zariya, ɗaya bayan ɗaya, har 22,774. An wallafa sakamakon a 1985 a mujallar likitocin mata ta Birtaniya. Uwaye 238 ne suka rasu, wato kimanin 1,050 cikin 100,000. Ko da yake adadin asibiti da na ƙasa baki ɗaya ba abu ɗaya ba ne, da wuya mutum ya ga 1,050 na wancan zamani a gefen 1,047 na 2020 bai yi ajiyar zuciya ba.

Darasin da ya fi muhimmanci yana cikin rabe-raben da Harrison ya yi. Matan da suka yi rajistar awo suka haihu a hannun ma'aikata, mutuwa a cikinsu kaɗan ce. Mafi yawan waɗanda suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, aka kawo su a galabaice bayan an gama dabarun gida. Gari ɗaya ne, asibiti ɗaya, likitoci ɗaya, amma haɗarin ya ninka sau da yawa. Ya kuma gano cewa matan da suka yi makaranta sun fi tsira, kuma 'yan mata masu ƙananan shekaru da matan da suka yi haihuwa da yawa su ne a bakin rami. Aikin ya fito a shekarar da Allan Rosenfield da Deborah Maine suka yi ƙorafi a mujallar Lancet cewa shirye-shiryen lafiyar uwa da yaro sun manta da uwar. Shekara biyu bayan haka, a 1987, aka yi taron Nairobi da ya ƙaddamar da yunƙurin haihuwa lafiya a duniya, kuma hujjojin Zariya na cikin waɗanda suka share masa fage.

3.2 Waɗanda suka tsira da rauni

Ba mutuwa kaɗai ake ƙirgawa ba. A 1983 Dokta Tahzib ya wallafa nazarin mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a Zariya tsakanin 1969 da 1980. Kashi 83 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. Wannan ya nuna cewa al'ada tana da nata laifin, amma babban kaso rashin tiyata ne a kan lokaci. Har yau Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da cibiyar Babbar Ruga a Katsina, suna ɗinke ɓarnar da awa kaɗan na gaggawa da sun hana ta aukuwa.

Haka nan a 1978 Davidson da Parry suka bayyana yawan ciwon zuciya bayan haihuwa a tsakanin matan Zariya, suka danganta shi da wankan jego da tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da yawan shan kunun kanwa. Wannan fanni ne da wayar da kai ke aiki a cikinsa, amma wayar da kan ma sai da ma'aikacin da zai shiga gida, kuma ma'aikaci sai da albashi.

3.3 Lokacin da aka sa kuɗi

Ga wanda ke shakkar alaƙar kuɗi da rai, Zariya ta riga ta yi gwajin ba da son ranta ba. A shekarun 1980, da tattalin arziki ya karye aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, asibitoci suka fara karɓar kuɗin abin da a da kyauta ne. A 1990 Farfesa Ekwempu da abokan aikinsa suka ruwaito a Lancet cewa tsakanin 1983 da 1988 yawan masu zuwa haihuwa a asibitin koyarwa na Zariya ya faɗi da kusan rabi, mutuwar uwaye kuma ta hau. Al'adar Zage-zagi ba ta canza cikin shekara biyar ba. Kunya tana nan yadda take, kulle yana nan yadda yake. Farashi ne ya canza, mata suka koma ɗaka, suka riƙa zuwa sai abu ya lalace.

Ayarin Zariya na ƙungiyar masu binciken rigakafin mutuwar uwaye a Afirka ta Yamma, wadda Jami'ar Kolombiya ta Amurka ta tallafa wa, ya gwada akasin haka a shekarun 1990. Suka gyara ɗakin tiyata, suka tanadi ƙunshin magungunan gaggawa a kusa da gadon haihuwa, suka inganta samar da jini, sai lokacin da mace ke jira kafin a taɓa ta ya ragu sosai. A yankin Maƙarfi kuma aka gwada asusun rance na gaggawa da yarjejeniya da masu motoci.

3.4 Moda da ƙwaya uku

A 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Farfesa Clara Ejembi, tare da Jami'ar Kalifoniya ta Bakili, suka kai ƙwayar misoprostol ƙauyuka biyar na kewayen Zariya. Ƙwaya uku ce mace za ta sha da zarar jariri ya faɗo, domin mahaifa ta tsuke, jini ya tsaya. Sun bi ta hannun masu unguwanni, limamai da ungozoman gargajiya, suka kuma yi amfani da moda a matsayin ma'auni: jinin da ya cika moda ya kai rabin lita, a nemi mota. Mafi yawan matan da suka haihu a gida sun sha maganin. Wannan ya rushe zancen cewa mutanenmu ba sa karɓar abin asibiti. Suna karɓa, in an kawo musu ta bakin wanda suka yarda da shi, da ma'aunin da suka sani.

4.0 Jinkiri Uku, Kowanne da Farashinsa

A 1994 Thaddeus da Maine suka tsara ra'in jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Masana sun ƙiyasta cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashewa cikin awa biyu, jijjiga cikin kwana biyu, doguwar naƙuda cikin kwana uku. Bari mu ɗora wannan a kan misalin da kowa a zauren nan zai gane.

Mace ce a wani lungu na Tudun Wada, ta haihu a gida da ƙarfe ɗaya na dare, mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini na zuba. Maigida ba ya nan, uwar miji ta ce a ɗan saurara, a ba ta rubutu. An saba kiran wannan jahilci. Amma a ƙarƙashin "a ɗan saurara" sau da yawa akwai lissafi: kuɗin mota, kuɗin kati, safar hannu, ƙarin ruwa, ledar jini, wataƙila tiyata, kuma babu ko sisi a gidan. Akwai kuma tunanin tsawar da wata ma'aikaciya ta daka wa maƙwabciya bara. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya daga aljihun majiyyaci yake fita, jinkiri na farko rabinsa talauci ne.

An yanke shawara, sai neman abin hawa. Keke mai ƙafa uku ba ya yawo a wannan lokaci. In ƙaramin asibitin unguwa a rufe yake, ko a buɗe amma ba ungozoma, sai a nufi Ƙofar Gayan, ko a bi ta Kwangila da Samaru zuwa Shika. Wannan a cikin gari ke nan. Matar da ke ƙauyen Giwa ko Soba ko Igabi, ga damina, ga fargabar hanya da dare saboda 'yan bindiga, awa biyun nan sun ƙare kafin ta ga kwalta.

Jinkiri na uku shi ne abin kunyarmu mu ma'aikata da gwamnati, domin matar ta yi nata, ta zo. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kowane mutum 500,000 suna buƙatar aƙalla cibiyoyi biyar masu kulawar gaggawa ga mai haihuwa, ɗaya daga ciki tana yin tiyata da ƙarin jini. Ba allo a bakin ƙofa ake nufi ba. Ana nufin dare da rana akwai mai iya cire mabiyiya da hannu, akwai allurar oksitosin da zafi bai kashe ta ba, akwai maganin jijjiga, akwai wutar da za a ga jijiya.

Kuma kayan aikin sun ƙara inganta. A jihar Kano, da aka shigar da magnesiyam salfet asibitoci goma a 2008, mutuwar masu jijjiga ta sauka daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin ɗari. Gwajin da aka wallafa a 2017 a kan mata fiye da 20,000, har da na Najeriya, ya nuna allurar tiranekzamik tana rage mutuwar zubar jini da kusan kashi ɗaya bisa uku in an yi ta cikin awa uku. Gwajin E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya shafi mata fiye da 200,000 a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu. Leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mace don a ga yawan jinin, sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, kuma munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Tamkar modar Zariya ce ta shiga asibiti.

5.0 Alƙawari da Kasafi

A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu ga lafiya. Najeriya, mai masaukin baƙin, ba ta taɓa cika shi ba. Kason lafiya a kasafin tarayya yakan tsaya wajen kashi 4 zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, amma sai a 2018 aka fara sa shi a kasafi. Shirin tura ungozomai karkara na 2009 ya fara da ƙarfi, ya raunana da jihohi da ƙananan hukumomi da dama suka kasa biyan nasu kason alawus. Ɓangaren uwa da yaro na shirin SURE-P, da aka fara a 2012, ya mutu da canjin gwamnati a 2015. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin MAMII, wanda ya nufi ƙananan hukumomi 172 da mutuwar ta fi yawa, tare da tiyatar haihuwa kyauta ga mabuƙata. Mataki ne mai kyau, kuma tarihin magabatansa ya nuna inda ya kamata a sa ido: ɗorewa.

Jihar Kaduna ta yi abin a yaba. Tana cikin jihohin da suka kai kashi 15 a takardar kasafi, ta ɗauki tsarin gyara cibiyar lafiya ɗaya a kowace mazaɓa cikin 255, ta kafa hukumar inshorar lafiya ta jiha. Sai dai a ko'ina a ƙasar nan, abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa hannun mai kula da asibitin mazaɓa kuma daban. Akwai kuma son gini. Gini ana yanke masa ƙyalle, a ɗauki hoto, a ba da kwangila. Albashin ungozoma da man janareto ba su da bikin buɗewa. Shi ya sa za ka ga asibiti da sabon fenti, ƙarfe huɗu na yamma an sa kwaɗo.

Janyewar tallafin Amurka a 2025 ta ƙara tona asirin dogaro da na waje. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, ran da aka sauke ta da wuri da yunwa zai kwana.

6.0 Ga Masu Cewa Babu Kuɗi

Hujja ta farko da ake kawowa ita ce talauci: sai ƙasa ta yi arziki mata za su daina mutuwa. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Suwidin ta rage mutuwar uwaye sosai a ƙarni na 19, kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ta hanyar horar da ungozomai da rarraba su karkara. Siri Lanka da Maleshiya, kamar yadda nazarin Bankin Duniya na 2003 ya nuna, sun yi ta rage adadin da rabi, zango bayan zango, suna ƙasashe marasa ƙarfi, da ungozoma a kowane yanki, haihuwa kyauta, da bin diddigin kowace mutuwa. Habasha, wadda ba ta kai mu samu ba, ta sauko daga sama da 900 a 2000 zuwa ƙasa da 300 a 2020, bayan ta ɗauki dubban mata ma'aikatan lafiya na ƙauye a kan albashin gwamnati. A cikin gida ma, shirin Abiye na jihar Ondo da Haihuwa Lafiya na Jigawa sun nuna abin da jiha za ta iya. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa ta ba da darasi mai fuska biyu: ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun tsakiyar shekarun 2000, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar su da bashi. Kyautar da ba a biya ba, ma'aikaci ne zai rubuta wa miji takarda ya je kemis.

Hujja ta biyu ita ce buƙatu sun yi yawa: tsaro, ilimi, hanyoyi. Amsar ita ce kuɗin da aka sa a ɗakin haihuwa ba a nan yake tsayawa ba. Ɗakin tiyata da ma'ajiyar jinin da suka ceci mai naƙuda su ne za su ceci wanda ya yi hatsari a hanyar Kano. Sannan mutuwar uwa ba ta tafiya ita kaɗai. Wani dogon nazari a Matlab ta Bangaladash, da aka wallafa a 2010, ya gano cewa kashi 24 cikin ɗari ne kawai na yaran da uwayensu suka rasu suka kai shekara goma, alhali masu uwa kashi 89 ne. A gidajenmu mun san sauran: 'yar fari ta bar makaranta ta zama uwa, sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinkin da ke cike giɓin cefane ta tsaya, yara su watsu gidajen dangi.

Hujja ta uku ita ce a ce matsalar ta al'ada da addini ce, kuɗi ba zai gyara ba. Binciken Zariya na shekarun 1980 da na 2009 sun amsa wannan daga ɓangarori biyu. Addini kuwa, kare rai na cikin manyan manufofin shari'a, kuma darajar shahada da aka ba wadda ta rasu a haihuwa ba ta wanke wanda ya yi sakaci da ita ba.

7.0 Shawarwari

Na farko, gwamnatin tarayya ta ɗaga kason asusun lafiya na matakin farko sama da kashi 1, jihohi kuma su riƙa wallafa abin da suka saki, ba abin da suka ware kaɗai ba, har zuwa matakin kowace cibiya.

Na biyu, a fifita ma'aikata a kan gini. Rahoton ungozomanci na duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa cikakken aikin ungozomai zai iya hana kusan kashi biyu bisa uku na mutuwar uwaye. Kowace cibiyar mazaɓa ta samu ungozoman da za su yi karɓa-karɓa dare da rana, da masauki da tsaro da alawus na karkara. A ɗauki 'yan matan yankin a horar da su, domin 'yar gida ba ta neman canjin wurin aiki.

Na uku, awo da haihuwa da tiyata da jini su zama kyauta ta gaskiya, a biya asibiti kuɗinsa cikin wa'adi sananne. Hukumomin zakka da waƙafi da attajiran gari za su iya biya wa mata marasa ƙarfi kuɗin inshora.

Na huɗu, a tabbatar da magunguna huɗu a kowane ɗakin haihuwa, oksitosin ko makamancinsa mai jure zafi, misoprostol, tiranekzamik da magnesiyam salfet, tare da ledar awon jini da wutar sola. A kafa ƙungiyoyin masu ba da jini a masallatai, majami'u da makarantun Zariya, garin da ke cike da ɗalibai.

Na biyar, kowace unguwa ta yi yarjejeniya da direbobi da asusun man fetur a hannun mai unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida, a rubuta kowace mutuwar uwa, a bincika ta ba don neman mai laifi ba, sai don gano inda aka yi jinkiri, kamar yadda Ingila ke yi tun 1952.

Na bakwai, a riƙe 'ya mace a makaranta, a kuma sauƙaƙa hanyoyin tazarar haihuwa ga ma'auratan da ke so. Aikin Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya misali ne da ya cancanci faɗaɗawa da kuɗin gwamnati.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tun daga ɗakunan haihuwa na Tudun Wada a shekarun 1970 aka san wace mace ce ke mutuwa da abin da ke kashe ta. A shekarun 1980 Zariya ta ga abin da ke faruwa in aka ɗora wa mai naƙuda kuɗi, a shekarun 1990 da 2009 kuma ta ga abin da ke faruwa in aka kawo mata magani kusa. Ƙasashe da dama sun ɗauki irin wannan sani sun yi aiki da shi. Mu da muka samar da shi, kimanin shekara arba'in bayan aikin Harrison, muna nan kusa da inda ya bar mu.

Saboda haka roƙona ga masu riƙe da kasafi da ke zauren nan ɗaya ne. In an zo muku da buƙatar lafiya a kasafin baɗi, kafin ku tambayi ɗaki nawa za a gina, ku tambayi wa zai kwana a ɗakin da aka riga aka gina, da me zai tarar a cikin kabad in aka ƙwanƙwasa masa ƙofa da ƙarfe ɗaya na dare. Ruwa zai ci gaba da zubewa wani lokaci, wannan ba a hannunmu yake ba. Tulun kuwa, mun san inda yake tsagewa, kuma mun san kuɗin ɗinkinsa.